Injin Alhaji da Hannun Labbo

Ranar Juma'a anka sace injin ban-ruwan Alhaji Murtala, da rana tsaka, maza duk suna masallaci. An ɓalle kwaɗon ɗan ɗakin da ke bakin lambun albasa nai, an ɗauke inji har da tiyo. Kahin la'asar Tungar Rimi gaba ɗai ta san ɓarawon, alhali ba wanda yag gan shi. Wai ɗana ne, Labbo.

Shekara ta biyu ke nan da zuwan Shari'a. Ba sai an hwaɗa wa kowa abin da ake yi wa wanda ya ɓalle kwaɗo ya ɗauki kaya mai tsada ba. Labbo kuwa rijiya shike haƙa, da ita shike ci da iyali. Wa zai zura mai hannu guda cikin rami?

Ba zan ɓoye ba, bakinai ne yaj ja mishi. Tun da Alhaji yak kahwa bututu a hwadama yaɗ ɗora inji bisa, rijiyoyin unguwarmu ta Yamma sunka soma gudu. Da sahe akwai ruwa. Inji na tashi, kahin azahar guga sai shi hito da laka. Tamu, wadda maigidana yag gina kahin shi rasu, shekara talatin ba ta taɓa ƙahewa ba sai da injin nan yaz zo. Labbo yat tsaya ƙohwar masallaci gaban kowa yac ce wallahi sai injin nan ya yi shiru. Sannan ranar satar, shi kaɗai anka lura bai je Juma'a ba.

Maigari Amadu yas sa anka ruhe shi a zaurenai, yac ce Alhamis za a kai shi Zurmi gaban alƙali. Alhaji ya aika garin Galadi a kirawo Maitama mai bin sawu, don a tahi da hujja.

Na san Maitama. Shekarar yunwa kwana arba'in yay yi a zaurenmu shina shan hurata, da maigidana yar rasu ko gaisuwa bai aiko ba. Ban mance ba. Asabar da sahe sai ga shi ƙohwar gidana, ya rame kamar karan gero, da idon nan nai da ba ya kallon mutum sai ƙasa.

"Kubura, kina nan da ranki?"

"Ina nan, ba ni mutuwa sai na ga bayanka. Da mi Murtala yas saye ka?"

"Ni sawu nike bi, ba mutum ba."

"To ni ma sawu zan bi. Naka. Inda kat taka nan zan taka."

"Mace ba ta bin mai bin sawu."

"Wace mace? Na binne miji da ɗiya huɗu. Wuce mu je."

A lambu munka iske jama'a. Ga Alhaji da babbar riga. Ga Gado mai gadin lambun ya sunkuyar da kai. Ga Shamsu, babban ɗan Alhaji, mai injin niƙa a Unguwar Gabas, wanda ke buga bulo a bayan niƙan yana kai wa masu gini a Zurmi. Shi yah hi kowa ɗaga murya. Da yag gan ni sai yak kama wuyan hannunai yan nuna mini.

"Iya, a soma koya mishi cin tuwo da hagu."

Nic ce, "Ubanka na kusa, shi ya sa. Ni nay yanke maka cibiya, ɗan banza."

Maitama yak kore kowa baya da sanda. Yad durƙusa, yad daɗe. Can yan nuna wani sawu, ƙahwa ba takalmi, ta hagu ba ƙaramin yatsa. Kowa ya san dutsen da yah hwaɗo wa Labbo a rijiyar Birnin Tsaba yac cire mishi yatsan nan. Wuri yaɗ ɗau salati.

"Shi ke nan," in ji Alhaji. "Allah ya tona shi."

"Dakata," in ji Maitama. "Gado, injin nan nauyinai ya kai mi?"

"Ya kai babban rago, Baba."

"To wanga mutum ya zo da nauyinai, ya koma da nauyinai. Zurhin sawun zuwa da na komawa ɗaya ne. Kuma bai kai ƙohwar ɗakin ba. Nan yat tsaya, bakin tsohuwar rijiyar ga, taku goma sha wani abu daga ɗakin."

Daga ƙohwar ɗakin kuwa sawun mashin ne, sabuwar taya, ta baya ta nitse sosai. Munka bi shi har burtali. Nan shanun Hulani sunka wuce tun jiya, sun tattake komai. Maitama yay yi ta zagaye har rana tat take, bai ƙara ganin komai ba.

Alhaji yac ce, "Ya nuna wa wani, wani yaɗ ɗauka. Duk ɗaya ne."

A zauren maigari munka iske Labbo zaune a ƙasa, ya sa hannuwa tsakanin cinyoyi kamar mai jin sanyi. Maitama yac ce mi yak kai shi lambu.

"Juma'a kaɗai injin ke hutawa da rana, Baba. Na je in ga ko ruwa na dawowa in ya huta."

"Yad dawo?"

"Shina dawowa, a hankali. Ruwan ƙasan nan guda ne. Kamar ƙwarya ce muke sha dukkanmu, kowa da ɗan ludayinai, shi yaz zo yas sa baki shina zuƙa. Wanda ke kusa da shi, nai ke hwara sauka, kuma nai yah hi sauka."

"Kag ga wani?"

"Na ji mashin ina kan hanyar dawowa. Ban waiwaya ba."

Nic ce, "Ka bar salla don ka leƙa rami, ga shi ka hwaɗa wani." Bai ɗago ba.

Lahadi anka kawo Ɗantani daga Ƙaura, makaniken da ke gyaran injin, don kowa ya ce in ba Labbo ba to shi ne, yana da mashin kuma ya san masu sayen tsohon inji a kasuwar Shinkafi. Maitama yad duba tayar mashin nai, ta ci har ta yi sumul, ga hwaci biyu. Ba ita ba ce. Amma mutum taya ta wanke shi, zuhwa na zuba mishi kamar an jiƙa shi.

"Mi kake tsoro, Ɗantani?"

"Ni? Ba komai, Baba. Zahi ne."

Maitama yab bi mashinan garin. Goma sha ɗaya, bakwai da sabuwar taya, har da na liman. Yaz zauna gindin bedi yana tauna goro, nit tsaya kainai.

"Kwana biyu, ka gano mini mashin ɗin liman. Sannu da aiki."

"Kubura, bakinki ko ba ya gajiya?"

"Ran da kak kawo mini ɗana zai huta."

Litinin da hantsi maigari ya aiko kirana, ni da Hurera matar Labbo. Munka iske Alhaji zaune bisa buzu da tazbaha, muryatai a ƙasa, kamar ba shi ba.

"Iya Kubura, na kwana ina tunani. Mu Musulmi ne. Magana in ba ta kai gaban alƙali ba, mai kaya na iya yahewa. Labbo shi ce gaban shaidu uku shi yaɗ ɗauka yas sayar, ni kuma in ce na yahe. Shi kwashe iyalinai shi koma wani gari. Ba kotu, ba wuƙa. Maitama kuma yau shi koma Galadi, na sallame shi."

Hurera tah hwaɗi ƙasa tana godiya tana kuka. Ni kuwa kallonai nike. Murtala ne hwa. Kazata ta taɓa shiga lambunai tat tsattsagi albasa uku, yas sa anka yanka ta anka aiko mini da ƙahwahu. Ƙanwatai ta cikinsu guda shekara tara bai yi mata magana ba a kan bishiyar tsamiya. Ranar Asabar shina rantsuwa sai ya ga hannu a ƙasa, yau Litinin ya zama mai yahiya? Kuma mi yas sa shike gaggawar korar mai bin sawun da shi da kainai yak kirawo?

Nic ce, "Ba mu so."

Maigari yac ce, "Iya, kin ji abin da kinka ce?"

"Na ji. A yahe wa wanda yay yi. Mu ba mu yi ba."

"Ba ke za a yanke ba. Mai hannu za a tambaya."

Niw wuce su nish shiga inda Labbo yake. Ya riga ya ji komai ta bango. Idonai ya yi ja.

"Inna, zan amsa."

"Ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba. Amma sawuna na can, rantsuwata kowa ya ji. In anka samu shaidun da za su ce sun gan ni hwa? Alhaji na da mutane. Alhamis gata ce, Inna."

"Ɗiyanka huɗu su tashi ana ce musu ɗiyan ɓarawo daga nan har Ƙaura? Wa zai ba su aure? Wa zai bar ka shiga gidanai haƙar rijiya?"

"Hannuna ne."

"Nonona ne yay yi shi. In ka buɗe baki kac ce kai ne, ban yahe maka shi ba, duniya da lahira."

Yak kalle ni. Tun da nih haihe shi bai taɓa yi mini irin kallon nan ba. Sannan yaj juya huska bango.

A waje Hurera tat tare ni gaban mutane, ita da ko ido ba ta haɗawa da ni shekara goma sha biyar.

"Allah ya isa tsakanina da ke, Inna. Tsohuwa mai busasshiyar zuciya. In anka yanke shi, ke za ki riƙa ɗaure mishi wando."

Na dai aje maganar inda nike aje irinta.

Sana'ata igiya ce. Rama nike tuhka, duk igiyar gugan da ke garin nan daga hannuna tah hito. In ruwa ya yi ƙasa da rani, mace ba ta sayen sabuwa, sai ta zo in ara mata gaba ɗaya ko biyu ta ƙulla a tata, in ruwa ya dawo ta kwance ta maido mini. Ban taɓa rubutawa ba, ban kuma taɓa mance gaba ɗaya ba.

Da la'asar ina zaune zaure ina tuhka, sai ga Maitama da jakatai a kahwaɗa ya zo sallama. Kahin in zage shi sai ga Mardiyya daga Unguwar Gabas. Ba ta gaishe ni da kyau ba, tac ce a ara mata gaba ɗaya.

"Jiya ba na ba ki ba?"

"Ba ta kai yanzu."

Nim miƙa mata. Da tat tahi nic ce, "Ku ji mini. Suna ce mini uwar ɓarawo, suna kwashe mini igiya. Mace ta biyar ke nan daga Gabas."

Maitama yas sauke jaka. "Ta biyar tun yaushe?"

"Tun Asabar da marece."

"Da suna ara?"

"Gabas? Ba su taɓa ba. Ruwansu kusa yake, kullum da shi suke yi mana gori."

"Na unguwarku hwa?"

"Su maidowa suke. Ummi matar ladan ta kawo gaba ɗaya jiya. Matan gidan Labaran sun kawo biyu yau. Ni kaina na kwance ƙulli guda a tamu."

Yaz zauna bisa dakali, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu shi tashi. "Lisahto mini na Gabas. Wa tah hwara, wa tab biyo, wa tad dawo sau biyu."

Nil lisahta mishi. Shina zana su a ƙasa da sanda.

"Kubura, injin nan bai je Ƙaura ba, bai je Shinkafi ba. Shina cikin garin ga, kuma shina sha. Ɗanki ya hwaɗa mana tun Asabar, wanda ke kusa nai yah hi sauka. Sawun da shanu sunka tattake a sama, ga shi a ƙasa."

"To tashi ka bi."

"Rijiyoyin cikin gidajen kulle suke. Ni ba ni shiga."

Munka kalli juna. Nic ce, "Ashe mace na bin mai bin sawu."

"Yi mini shiru, tsohuwar banza. Nemo karan dawa."

Talata bayan azahar munka soma. Shi shina tsayawa zaure, ni in shiga. In ruwa ya sauka a rijiya shina barin tabo a jikinta, baƙi-baƙi da gansakuka, inda shike tsayawa da. Sai in zura igiya da dutse in auna daga tabon zuwa ruwan, in hito in nuna mishi, shi yanke kara daidai tsawon, shi yi mishi alama da wuƙa.

Ba gidan da anka yi mini maraba. Wata tac ce a ɓoye tukwane uwar ɓarawo ta shigo. Wata tas sa anka sakar mini kare. Gidan Jibrin maƙeri sai da nit tuna wa uwargidan wanda yaz zauna da ita kwana uku da ɗan da yaz zo a gicciye, sannan tam matsa daga bakin rijiya.

Gidan hwarko, taƙi ɗaya. Na gaba da shi, taƙi biyu. Munka yi kudu, kara yag gajarta, munka dawo. Munka yi arewa, yag gajarta, munka dawo. Munka miƙe gabas sosai, kamu ɗaya, kamu biyu. Gidan Mardiyya kara guda bai isa ba sai da anka ɗaura wani. Rijiyarta laka ce kawai ke ƙyalli a ƙasa.

Da nih hito ban ji abin da Maitama ke cewa ba, don ƙarar injin niƙan Shamsu. Bango guda ne tsakaninsu da gidan Mardiyya. Bayan niƙan kuma katanga ce doguwa, inda ake buga bulon.

Maitama bai kalli katangar ba. Yaz zagaya ƙohwar baya kamar mai neman wurin hitsari, yad durƙusa, yat taso. Yac ce mini a kunne, "Da jakuna ke kawo musu ruwa?"

"Jakuna shida, sahe da marece."

"Sawun jaki na ƙarshe ya kwana huɗu. Mu tahi. Kada ki hwaɗa wa ko Hurera."

Laraba da hantsi maigari yat tara kowa ƙohwar gidanai bisa roƙon Maitama. Anka hito da Labbo. Ga Alhaji, ga Shamsu, ga Gado, ga Ɗantani da anka sake kirawowa daga Ƙaura, ga liman, ga rabin gari a tsaye.

Alhaji yac ce, "Wanga mutum na sallame shi tun Litinin. Da izinin wa shike aiki?"

"Da nawa," in ji maigari. "Gobe zan tsaya gaban alƙali, ba ni zuwa da rabin magana."

Maitama yaj jera kararen a ƙasa, daga gajere zuwa dogo, shina kiran sunan gida-gida. Yac ce rijiyoyin Yamma sun taso tun da anka ɗauke inji, na Gabas sun sauka. Yac ce Labbo, kai ne mai rijiya, mi ke sa haka?

Labbo yad dubi kararen, yad daɗe. "Wani abu na zuƙa. Kusa da mai dogon karan nan."

Shamsu yay yi dariya. "Yau kuma da karan dawa ake shari'a? Rani ne, Baba. Ruwa na sauka da rani."

"A unguwa guda? Ranin ya tsallake Yamma ke nan." Maitama yaɗ ɗauki sandatai. "Ranka shi daɗe, mu taka. Kowa shi biyo, kada wani shi riga mu."

Shamsu yac ce zai je shi yi alwala. Maigari yac ce wa Gado shi riƙe mishi hannu. Munka ratsa gari, ƙura na tashi, mata na leƙowa ta katanga. Ƙohwar niƙa ƙara ta cika kunne, mai niƙa ya yi hwari da gari shina kallonmu.

Maitama yaɗ ɗaga murya. "A kashe."

Mai niƙa yak kalli Shamsu. Maigari yad daka mishi tsawa, yaj ja ƙarhen. Niƙa yay yi tari biyu yat tsaya.

Shiru bai zo ba. Can bayan katanga wani inji na ta bugawa, tuk-tuk-tuk, da ƙarar ruwa na zuba.

Gado yac ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Ko cikin barci na san tarinai."

Anka tura ƙohwa. Ga shi nan bisa bututu, an yi mishi rumhwa da buhuna. Tiyo na cika wani ƙaton kwalbati na tara ruwa, leburori baƙi uku na watsa wa bulo ruwa, bulo jere-jere har ƙarshen katanga, ruwa na malala ƙasa a banza. Ga mashin jingine da sabuwar taya. Matan Gabas da sunka leƙa sunka soma zagi, Mardiyya tah hi kowa.

Maitama yaj juya ga Ɗantani. "Wa yak kahwa bututun?"

"Ni ne, Baba, sati uku da sunka wuce. Ya ce zai sayo nai injin a Gusau. Da nij ji an yi sata na gane, amma ni wa nike da zan ambaci ɗan Alhaji?"

Shamsu yac ce, "Na roƙe shi aron sati biyu yah hana ni. Masu gini na jirana. Da na gama zan maida shi."

"Da hannun ɗana za ka maida shi?" nic ce.

Alhaji yay yi gyaran murya. "Jama'a, a yi haƙuri. Wanga abu na cikin gida ne. Ɗa ya ɗauki kayan ubanai, ba sata ba ce. Malam liman na nan, a tambaye shi. Ni ban sani ba sai yanzu."

Maitama yan nuna ƙasa da sanda, bakin ƙohwar baya. "Wanga takalmi mai diddige, a garin ga mutum guda ke da shi. Ya shiga ranar Lahadi da marece, ya hito da sauri. Litinin yaz zo da yahiya."

Alhaji yad dubi ƙahwahunai.

Nim matsa har ina jin warin turarenai. "Murtala, ka san ɗanka ne, kac ce nawa shi amsa, shi bar garin ubanai da sunan ɓarawo. Hwaɗi gaban mutanen ga. Labbo ya ɗauki injinka?"

"Bai ɗauka ba."

"Ban ji ba. Na tsuhwa."

"Bai ɗauka ba!"

Maigari yac ce a saki Labbo. Abin da yar rage tsakanin uba da ɗa da alƙali, ban bi ba, ba nawa ba ne. Inji kahin sati ya koma hwadama. Anka ce a riƙa kashe shi da azahar don rijiyoyi su huta, sunka bi wata guda. Maitama yaɗ ɗauki jakatai ranar nan, nic ce shi tsaya shi sha hura, yac ce ya sha ta isa. Bai yi ƙarya ba.

Labbo bai jira ni ba, shi kaɗai yat tahi gida. Da nij je na iske shi bakin rijiyarmu shina wanke hannuwa, Hurera na zuba mishi. Ban samu ko sannu ba. Sai da yag gama yac ce, bai juyo ba:

"Inna, ranar Litinin da kinka hana ni, kin san inda injin yake?"

"Ban sani ba."

"Kin san Baba Maitama zai gano?"

"Ban sani ba. An ma sallame shi."

"To da mi kinka hana ni?"

"Da sanin Murtala. Mutumin da bai yahe wa kaza ba."

"In da Mardiyya ba ta zo aron igiya ba hwa?"

Na nemi abin da zan ce, ni da ba a taɓa kashe mini baki ba, ban samu ba.

Kahin damina yak kwashe iyalinai yak koma Birnin Tsaba. Ba wanda yak kore shi, ba kuma mai ce wa ɗiyanai komai, babbar ma ta yi aure gidan mutunci. Shekara shida ke nan. Duk salla shina zuwa gaishe ni. Da hannu biyu shike miƙo mini goro. Ina shimhiɗa mishi tabarma, bai taɓa zama ba.